Masara Mai Ɗigo-ɗigo

Mijina malamin jami'a ne a fannin tsirrai, kuma tun kafin ya san ni ya riga ya ba da rayuwarsa ga wata irin masara da ba a ci. Ƙwayoyinta farare ne, amma kowacce da ɗigo-ɗigon shuni a jikinta, wata kamar an yayyafa mata tawada, wata kuma rabinta ya rine. Shi Bakano ne, aiki ya kawo shi Maiduguri. Ni a nan Maiduguri aka haife ni, a unguwar Limanti, da Kanuri na buɗi baki, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa na same ta. Ina koyarwa a wata firamare, shi ya sa yake ce mini Malama, ni kuma ina ce masa Malam.

A farkon aurenmu mutum ne mai son a saurare shi, ni kuma ina jin daɗin sauraronsa. Wata rana da yamma ya same ni ina ɗinki a tsakar gida, ya zauna kusa da ni da goyon masara a hannu, ya ciro zare biyu daga kwandona ya murɗa su tare.

Ya ce, "Kin ga, Malama, duk abin da ke raye yana da zaren gado a cikinsa, shi ake ce wa DNA. Zare biyu ne a murɗe kamar haka, da rubutu a jikinsu. A rubutun masarar nan akwai wurin da ke ba da umarnin a yi shuni. To akwai wani ɗan guntu na zaren da ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya yanke kansa daga inda yake, ya je ya kama wani wurin, ya lanƙwasa shi, ya datse zare biyun. Amma ba ya datse su daidai da juna, ɗaya gaba kaɗan, ɗaya baya kaɗan."

Ya karɓi almakashina ya nuna mini yadda ake yankan. Ya ce guntun yana shigewa tsakani, sai jikin masarar ya cike ɗan giɓin da ya rage hagu da dama, shi ya sa duk inda ya sauka za a tarar da haruffa takwas iri ɗaya a gabansa da bayansa. In ya sauka a tsakiyar umarnin shuni, umarnin ya lalace, ƙwaya ta fito fara. In ya sake tashi ƙwayar tana cikin girma, shuni ya dawo a wannan ɗan wurin kaɗai. Ɗigon ke nan.

Na ce, "To ta yaya yake zaɓar inda zai sauka?"

Ya dube ni kamar na ba shi kyauta. Ya ce, "Abin da nake nema ke nan. Ranar da na gane, sunana zai je inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba."

Shekara da shekaru yana haɗa wannan iri da wancan a gonar jami'a. Da hannunsa yake kwasar garin furen wata shuka ya zuba a gemun wata, sannan ya rufe goyon da jakar takarda don kada iska ta kawo wani. Yana tsinkar ganye ya busar, ya aika wa wani abokinsa a ƙasar waje ya karanto masa haruffan. A haka muka haifi 'ya'ya biyu.

Da rikicin 'yan bindiga ya tsananta, gonar ta zama wurin da ba a zuwa. Tana bakin gari, kuma an hana shuka duk abin da ya yi tsayin da mutum zai ɓuya a ciki. Malam ya kwashi yaranmu ya kai su Kano wurin mahaifiyarsa, ya dawo ya sa aka fasa simintin bayan gidanmu, aka zuba ƙasa da taki, ya mayar da gonarsa can. Katangarmu doguwa ce, ba mai gani daga waje. Ɗakin yaran kuma ya zama ɗakin iri. Ya ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango, ya rataye goyon masara a kansu, kowanne da 'yar takardarsa ɗaure a wuya.

Ana cikin haka Inna ta iso. Inna yayar mahaifiyata ce, a wurinta nake yin hutun makaranta ina yarinya, a wani gari da ke arewa da mu. Da hantsi na ji ana buga ƙofa, na buɗe na ga tsohuwa da lafaya ɗaya tak a jikinta, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage. Sai da ta gaishe ni da Kanuri ta ce "wushe, 'yata" na gane ta. A bayanta akwai surukarta, matar ɗanta guda ɗaya da take da shi, wanda nake ce wa Yaya. Matar Yaya tana goye da jariri, tana riƙe da hannun yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba. Da ƙafa suka yi yawancin tafiyar, sauran kuma a bayan motar itace.

Bayan sun sha ruwa Inna ta ja ni gefe ta faɗa mini da Kanuri. Mutanen daji, wato 'yan bindigar nan, sun shiga garinsu, sun tara maza masu ƙarfi, sun loda su a mota. Yaya yana cikinsu. Ba wanda ya ga gawarsa, ba wanda ya sake jin labarinsa. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, domin a lokacin duk matar da aka ce mijinta yana daji, ba a tambayar ko da kansa ya tafi ko ɗaukarsa aka yi. Maƙwabta muka ce musu an kashe shi. Malam kaɗai na faɗa wa gaskiya, saboda mijina ne kuma gidansa ne.

Bai kore su ba. Ya gaishe da Inna a tsaye, ya ce Allah ya kiyaye gaba, sannan ya nuna ɗan ɗakin da ke kusa da zaure inda muke ajiye gawayi da tsofaffin tayoyi. Na ce masa ga ɗakin yara da fanka da katifu.

Ya ce, "Akwai abu a ciki."

"Masara ce, Malam. A mayar da ita falo mana."

"Falo akwai ɓera. Malama, gidan nan ba sansani ba ne. Na ba su wuri, kada a nemi wuce haka."

Tun daga ranar ya sa wa sito kwado, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. Kullum da safe kafin ya fita shi yake auno abin da za a dafa, kuma awon bai ƙaru da yawa a kan na mutum biyu ba. Famfo ya daɗe da ƙafewa, ruwa sai na mai moya, masu turo jarkoki a kura. In mai moya ya zo, shuka ake fara ba. Malam zai bi layi-layi da butar ban ruwa, yana duba kowane ganye, sai abin da ya rage mu yi girki da wanka da wankin tsummokaran jariri. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakin gawayi tana kallonsa. Ta yi noma duk rayuwarta, kuma ta kasa gane masarar da ake shayarwa kafin mutane, a sa mata hula ta takarda, ta nuna a cire a rataye ba a ci. Na gwada yi mata bayani da Kanuri, na rasa kalmomin. Na ce mata dai ta karatu ce, kada a taɓa.

Wata rana yarinyar ta zagaya bayan gida ta cire jakar takarda ɗaya daga kan goyo, ta hura mata iska tana wasa. Malam ya gan ta. Ya kama hannunta ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗauko rula ta katako ya yi ta bugun yatsunta da gefen rular. Ina kicin na ji ihu, kafin in iso hannun ya fara tashi. Uwarta tana tsaye a wurin da jariri a baya, idonta a ƙasa. Da na yi magana sai ya ce aikin damina guda yarinyar ta lalata, kuma gara ta koya yau. Inna ce ta dafa ruwan gishiri ta gasa mata hannun. Daga nan yarinyar ko takun Malam ta ji sai ta shige bayan tayoyi.

Masarar shekarar ta nuna, ya cire ta ya kai ɗakin iri. A cikinta akwai wasu goyo da yake ji da su fiye da kowanne. Ya ce a wannan zuriyar guntun yana ta komawa kusan wuri ɗaya, kuma in ya shuka 'ya'yanta aka karanta haruffan da ke kewaye da inda ya sauka, zai ga abin da ke jawo shi. A kwanakin har waƙa yake yi a banɗaki.

Sai aka kawo hari cikin gari wata safiya. Malam ya riga ya tafi jami'a, ni kuma na biya Limanti duba mahaifiyata da ke fama da hawan jini. Kafin azahar aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Aka rufe tituna, layin waya ya ɗauke, keken haya ko ɗaya babu. Shi ya maƙale a ofis, ni na maƙale a Limanti, mabuɗin sito kuma yana aljihunsa. Abin da ya auna musu da safen nan shi ke nan abin da ke gidan. Ina zaune kusa da mahaifiyata ina jin harbi daga nesa, ba abin da nake tunani sai wannan kwadon.

Dokar ta ɗauki kwanaki. Da aka sassauta na fito da ƙafa, ana tsayar da mu a kowane shinge muna ɗaga hannu. Na iso gida rana ta take. Ƙofar gida a buɗe. A tsakar gida na tarar da Inna durƙushe a kan siminti mai zafi, da rariya a hannunta, tana tankaɗe dusa da ƙasar da aka sharo daga gindin turmi. Matar Yaya tana durƙushe a gefenta tana tsincewa da yatsu. Malam yana tsaye a kansu da wata 'yar kwalba, duk ƙwayar da aka samu ba ta fashe ba sai ya karɓa ya jefa ciki. Ƙofar ɗakin iri a ɓalle take, igiyoyin babu komai a kansu, takardun wuyan goyon sun watse a ƙasa tare da totuwa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Abinci ya ƙare tun ranar farko. Sun leƙa maƙwabta ta katanga, aka ba su ɗan garin kwaki sau ɗaya, su ma maƙwabtan gidansu cike yake da baƙi. Nonon matar Yaya ya ɗauke, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Inna ta gwada ƙofar sito da taɓarya, ƙarfe ce, ta ƙi. Ƙofar ɗakin yara kuwa katako ce. Suka ɓare masarar duka, suka surfa, suka daka, suka yi kunu da tuwo mai launin toka-toka, suka ci har dokar ta ƙare.

Na ce, "Malam, ka bar ta ta tashi. Tsohuwa ce, ga rana."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tambaye ta. An faɗa mata kada a taɓa ko ba a faɗa ba?"

Inna ba ta jin Hausa sosai, shi kuma duk shekarunsa a Maiduguri bai wuce gaisuwa da Kanuri ba. Dole ni zan tsaya tsakani. Na tambaye ta. Ta ce an faɗa.

"Tambaye ta ko ta san shekara nawa ta dafa ta cinye."

Na ce mata yana cewa ya sha wahala a kan irin. Inna ta ɗago kai ta ce in faɗa masa ya yafe mata, yaran ne za su mutu, kuma in Allah ya mayar da ita gida za ta aiko masa da masara buhu guda, mai kyau, ba mai tabo ba.

Na faɗa masa rabin farko na bar sauran. Amma ya ji kalmar buhu, domin ta faɗe ta da Hausa. Ya yi wata 'yar dariya.

Ya ce, "Buhu. Faɗa mata yadda na faɗa, kada ki gyara. Ki ce mata da ita da jikokinta da garinsu gaba ɗaya ba su kai goyo ɗaya a cikin abin da ta daka ba."

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce to ba komai, ai ta ga fuskarsa. Ya sa su suka ci gaba da tankaɗe har la'asar, sai da ya tabbatar ba sauran ƙwaya ko ɗaya a cikin sharar. Abin da ya samu bai rufe gindin kwalbar ba. Ya shiga ɗaki ya kulle. Ni na buɗe jakarsa da ya yar a falo na ɗauki mabuɗin sito na dafa musu shinkafa. Gwiwoyin Inna sun sale, na shafa mata man kaɗanya.

Na zaci abin ya wuce ke nan, zai yi fushinsa na mako ko wata ya huce. Washegari ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fita bai karya ba. Bayan azahar ya dawo, a bayansa akwai samarin sintiri na unguwa da sanduna, da jami'an tsaro biyu, da bulama, wato mai unguwarmu, yana biye da su yana ta share gumi.

Ɗaya daga cikin jami'an ya ce, "Ina matar da mijinta yake daji?"

Na dubi Malam. Yana tsaye a bakin zaure hannayensa a baya, kamar mai jiran ɗalibai su gama jarrabawa.

Na ce, "Ɗaukarsa aka yi. Da ƙarfi aka loda su a mota. Malam, faɗa musu, ai ka sani."

Ya ce, "Abin da na sani na faɗa. An ce wa unguwa ya mutu, alhali bai mutu ba. Yana daji. Yadda ya je can, ni ban gani ba, ke ma ba ki gani ba."

Bulama ya yi ƙoƙari. Ya ce matar nan tun zuwanta ko ƙofar gida ba ta leƙawa, shi zai tsaya mata. Jami'in ya ce mai gida da kansa ya kawo rahoto, malamin jami'a guda, ba za su yi watsi da shi ba. Tantancewa kawai za a yi, in ba ta da laifi za a sake ta. Aka fito da matar Yaya daga ɗakin gawayi. Ba ta gane abin da ake cewa ba sai da na fassara mata, kuma ni na fassara, domin ba wani. Ta tambaya ko za ta ɗauki zanen goyo na biyu, aka ce ba buƙata, ba daɗewa za ta yi ba. Inna ta kama ƙafar jami'in tana magana da Kanuri tana cewa ita ta fasa ƙofa, ita ta daka, ita za a ɗauka. Wani yaron sintiri da ke jin yaren ya ɓanɓare hannunta a hankali ya ce, "Kaka, ba maganar masara ba ce." Aka sa matar Yaya a bayan mota da jaririnta. Yarinyar tana bayan tayoyi, ba ta fito ba sai da motar ta tafi.

Da aka watse Malam ya ce mini tsohuwar da yarinyar ma su bar masa gida kafin magariba. Na kwashe su a keke zuwa Limanti. Gidanmu na can gidan gado ne, kowane ɗaki ya cika da dangin da suka gudo, har a zaure ana kwana. Mahaifiyata ta matsa musu a ɗakinta. Inna ta yi 'yan kwanaki ta ga ƙanwarta ba lafiya, ga cunkoso, sai ta ce za ta koma sansanin da aka buɗe a wata makaranta, can mutanen garinsu suke, kuma wataƙila a can za ta fara jin labarin surukarta. Ta bar yarinyar wurin mahaifiyata.

Na yi yawon neman matar Yaya har takalmina ya cinye. Duk ƙofar da na je sai a ce ba nan ba, ko a ce in dawo, ko a tambaye ni ni mece ce tata da har nake nemanta, da irin kallon da ke sa mutum ya ja da baya. Wani dattijo a cikin jami'an ya tausaya mini ya ce hanya mafi sauƙi ita ce wanda ya kawo rahoton ya zo ya janye. Na koma gida na durƙusa wa Malam, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kai ni gidansa.

Ya ce, "In janye me? Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi don tsaro ba, Malam. Don masara ka yi."

"Dalilina daban, gaskiyar magana daban. In na je na ce na janye, ni za a fara tambaya me ya sa na ɓoye ta watanni a gidana. Kina so a ɗauke ni?"

Na ce to ya sake ni. Ya ce ba ya saki, amma ƙofa a buɗe take, sai dai in tuna yarana suna Kano a hannun mahaifiyarsa, kuma a can za su zauna. Na tafi Limanti na yi wata guda. Mahaifiyata, wadda yayarta ce aka durƙusar a rana, ita da kanta ta ce in koma, kada a raba ni da 'ya'yana. Na koma. Ina dafa masa abinci in ajiye a tebur, in shige ɗakin yara in rufe. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Da damina ta sauka amai da gudawa ya shiga sansanin. Ranar da na kai wa Inna burabisko na tarar da tabarmarta a naɗe, wata maƙwabciyarta ta ce tun shekaranjiya aka kai ta tantin marasa lafiya, kuma jiya ta rasu aka binne ta tare da wasu. Ba wanda ya iya nuna mini wurin. Da na faɗa wa Malam ya ce Allah ya jiƙanta, ya tambaya ko akwai sauran ruwan zafi a fulas.

A daminar nan ya shuka ƙwayoyin cikin kwalbar. Wasu sun tsiro. Tunda takardunsu sun ɓace bai san wacce zuriya ce wacce ba, sai ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya, yana tsinkar ganye yana aikawa ana karanto masa. Ya ɗauki wasu shekaru, amma ya gano cewa biyu daga cikinsu 'ya'yan goyon nan ne da yake ji da su. Wata rana ya biyo ni har kicin da kwamfutarsa a buɗe, fuskarsa kamar ta angon farko, yana nuna mini layukan haruffa masu launi.

"Duba, Malama. Duk wuraren da ya sauka, zaren yana da sauƙin lanƙwasuwa a nan. Ba haruffan kawai yake karantawa ba, yana neman inda zai tanƙwaru ne. Kin tuna kin taɓa tambayata?"

Na ce albasa tana ƙonewa. Ya tsaya kaɗan, ya rufe kwamfutar ya fita. Aikin ya fito a wata mujalla ta ƙasar waje, aka gayyace shi taro, ya dawo da sabuwar jaka, ba da jimawa ba aka yi masa farfesa. Aka yi walima a gidanmu, aka yanka rago, abokan aikinsa suka yi ta yabon mutumin da bai bar bincike ba duk da halin da gari yake ciki. Ni na dafa abincin walimar.

Gari ya ɗan lafa, yaranmu suka dawo daga Kano sun zama samari. Yarinyar Yaya tana Limanti, na sa ta a makarantar da nake koyarwa. Sai wata Juma'a da safe aka aiko daga gida in zo maza. Na tarar da wata mata a ɗakin mahaifiyata, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, haƙoranta na gaba babu. Matar Yaya ce. An sake su ne a cikin wani rukuni, aka ce an tantance su ba su da laifi. Bayanta babu goyo, hannunta babu yaro. Ta ce tun shekarar farko jaririn ya rasu, zazzaɓi, kuma da safe aka zo aka karɓe shi daga hannunta. Aka kira yarinyar aka ce ga mamanki. Ta gaishe ta da ladabi kamar yadda ake gaida baƙuwa, da Hausa, sannan ta koma bayan mahaifiyata ta tsaya.

Bayan ta ci abinci matar Yaya ta ce in kai ta gidana. Na ce me za ta yi a can. Ta ce so take ta gan shi kawai, shi ma ya gan ta. Na yi ta ba ta haƙuri ta ƙi. Muka hau keke.

Mun sauka ke nan ana buɗe get, Malam yana fitowa da mota zai tafi masallaci, da farar shadda da hula zanna. Ya gan ni tsaye da wata mata mai tsohuwar lafaya. Ya sauke gilashi, ya laluba aljihu ya miƙo mata takardar kuɗi, ya ce mini, "Malama, na hana tara mabarata a ƙofar nan."

Na ce, "Matar Yaya ce."

Ya dube ta sosai, yana neman fuskar a ransa. Sannan ya ce, "Ashe an sake ta. To kin gani, ai na faɗa miki in ba ta da laifi za a sake ta. Ki ce mata sannu."

Hannunsa yana nan a miƙe ta tagar motar. Matar Yaya ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa, ta daɗe a haka. Na zaci za ta yi magana, har na shirya fassarawa kalma da kalma ba tare da na rage komai ba. Sai kawai ta sa hannu biyu ta karɓi kuɗin, ta ƙulle a bakin lafayarta. Ya ɗaga gilashi ya ja motar, don an kusa tayar da salla.

Ta tambaye ni inda ake samun keken da ke zuwa Kasuwar Litinin, babbar kasuwar garin da ke ci kullum. Ta ce tana so ta saya wa yarinyar takalmi kafin ta koma Limanti, ta lura na ƙafarta ya tsinke. Na ce zan raka ta, ta ce a'a, in nuna mata hanya kawai. Na raka ta bakin titi na tsayar mata da keke, na faɗa wa mai keken inda zai sauke ta.